Gwangwanin Maikuɗi

A tashar 'yan acaɓa masu bin hanyar Chinade, can gefen kasuwar Azare, an yi wani mutum da ake kira Maikuɗi. Na ce an yi, amma yana nan da ransa, magana ce kawai ya rage. A shekarar da aka yi ƙidayar jama'a kuwa, kai, in Maikuɗi ya buɗe baki ko mashin mai fasasshen salansa sai ya yi shiru ya saurara. Shi ne ya taɓa ɗauko buhu uku na gero da tunkiya da mai tunkiyar daga Giade bai sauke ƙafa ko sau ɗaya ba. Shi ne kura ta biyo a dajin Zadawa har ta gaji ta zauna tana haki. Ba wanda ya gani, amma ba wanda bai ji ba.

Babbar taƙamarsa ita ce lafiya.

"Ni tun da aka yaye ni ban san ƙofar asibiti ba," in ji shi, yana dukan ƙirji. "Allura ma in aka kawo ta kusa da ni lanƙwashewa za ta yi. Ku ne dai 'yan shayi da burodi, iska na kaɗawa ku kwanta."

To, shekara goma sha ɗaya Maikuɗi yana wannan tasha, kuma abu ɗaya yake so a duniya: a kira shi ciyaman. Sau biyu ya nema, sau biyu aka kayar da shi, ya ce murɗiya aka yi. A wannan karon tsohon ciyaman ya sayi bas ya bar sana'ar, 'yan takara suka rage biyu, shi da Bubayero, wani siririn Bafulatani mutumin Chinade wanda in ya yi magana uku a wuni to ranar ya yi surutu. Maikuɗi ya tabbatar bana tasa ce. Har sabuwar shadda ya ɗinka ya ajiye a ƙasan akwati.

Ƙungiyar tana da al'adarta. Ranar zaɓe ɗan takara ɗaya zai goya uban ƙungiya, Alhaji Babayo, daga Azare zuwa Chinade, ɗayan ya dawo da shi, sauran 'yan tasha na biye. In an dawo sai Alhaji ya zauna gindin darbejiya ya faɗi wanda ya fi iya lallaɓa fasinja a kan ramuka, sannan a ɗaga hannu a ƙirga. Alhaji Babayo kuwa ba ƙaramin kaya ba ne. Tsohon dillalin fatu ne, dattijo mai jiki, in ya hau mashin tayar baya sai ta kwanta.

Saura sati biyu zaɓe, wani abu ya sami Maikuɗi a wurin da ba a nunawa. Wata safiya ya shiga bayan gida da waƙa, ya fito da salati. Ji ya yi kamar an ja masa reza, ga ɗigon jini, ga raɗaɗin da ya ƙi tafiya har azahar. Washegari haka. Ya shiga tsoron bayan gida yana riƙewa, abin ya ƙara tauri, azabar ta ninku.

Ya ce laifin sit ɗin mashin ne, ya kai aka canza soso. Ya ce soson ne bai da kyau, aka ƙara wani a kai. Ya koma tuƙi a karkace, ɗuwawu ɗaya a kan sit, ɗaya a iska, har wata tsohuwa da ya ɗauko ta taɓa bayansa ta ce, "Ɗan nan, in sauka za ka yi ka gaya min in riga ka."

Matarsa Meram ba ta da boko, amma tana da ido.

"Baban Zuliha," ta ce, "bangon bayan gidan nan ya kusa faɗuwa don dafawa. Ka je asibiti."

"Asibiti? Ni? In aka gan ni a can ai Bubayero ya ci zaɓe yana kwance."

"To zauna ka ci tuwo."

"A tsaye zan ci. Ya fi saurin sauka."

Da ya rage kwana bakwai cif, ya sallama. Amma sai ya yi dabara. Ya ari hular kwano wajen wani ma'aikacin gwamnati maƙwabcinsu, ya kife kansa, ya sauke gilashin ya rufe fuska, ya tafi a ƙasa don kada a gane mashin ɗinsa. Ka ji wayo! A Azaren wancan lokaci da wuya ka ga mai hular kwano ko a kan mashin, balle a ƙasa, yana tafiya ƙafafu a wawware. Masu tuyar ƙosai suka bar kasko, masu shaguna suka leƙo, aka raka shi da ido har ƙofar wani ɗan asibitin kuɗi da ke bayan kasuwa.

Likitan wurin sunansa Zacchaeus, mutumin Bogoro, ya daɗe a garin har an mai da shi Likita Zakka.

"Likita, wani abokina ne ba shi da lafiya," in ji wata murya daga cikin hular.

Likita Zakka ya saurari ciwon abokin tun daga farko har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Allah sarki. To abokin naka ya cire hula ya hau gadon can, ya kwanta ta gefen hagu."

Abin da ya faru a kan gadon nan, mu bar wa gadon. Da aka gama, Likita ya wanke hannu ya ce, "Ba basir ba ne. Fatar bakin dubura ce ta tsage saboda bayan gida mai tauri. Naman wurin ya ɗaure tamau, jini ba ya isa sosai, shi ya sa ta ƙi haɗewa." Ya miƙo masa wata 'yar farar roba mai takarda a jiki. "Wannan man zai sassauta wurin, ya buɗe jijiyoyin jini. Ka ɗebi kamar ƙwayar wake ɗaya, safe da yamma. Ka naɗa leda a yatsa, ka shafa, ka jefar da ledar, ka wanke hannu da sabulu."

"Leda," in ji Maikuɗi, ya taɓe baki. "Sai ka ce mai ƙulla man gyaɗa."

"Saurara dai. Zai iya sa maka ciwon kai, musamman kwanakin farko. Kada ka tsorata, ka sha farasitamol, yana raguwa da kansa. In ya fi ƙarfinka ka dawo in canza maka wani. In ka shafa kada ka miƙe zumbur, jiri zai iya ɗibarka. Kana shan maganin ƙarfin maza?"

Maikuɗi ya zabura, ya manta da halin da yake ciki, ya yi ƙara ya dafe tebur. "Likita! Dube ni da kyau!"

"Na dube ka fiye da yadda kowa ya taɓa dubanka. Amsa nake so, don in suka haɗu da wannan man jini na iya yin ƙasa, a rasa mutum."

"Ba na sha."

"Madalla. Ruwa da yawa, zogale, alayyahu, gwanda. Ka bar yaji. In ka zagaya ka zauna cikin ruwan ɗumi a baho. Sati shida za ka yi kana shafawa, ko da zafin ya tafi a sati na biyu kada ka daina."

"Sati nawa?"

"Shida. Wani har takwas."

"Likita, Asabar mai zuwa nake da zaɓe."

"Ciwon bai san da zaɓe ba."

A hanyar gida, cikin hular kwano, Maikuɗi ya buga lissafi. Wake ɗaya, sati shida. To wake shida fa? Sati ɗaya ke nan! Shekara nawa bawan Allahn nan ya yi a jami'a bai gano wannan ba? Ya yi dariya har gilashin hular ya yi gumi, ya kusa afkawa kwata.

Saura takardar da ke jikin robar. An rubuta da Turanci inda ake shafawa, tashar kuwa cike take da waɗanda suka gama sakandare. Sai ya ɗauki tsohon gwangwanin man zafi na Meram, ya wanke, ya juye maganin kaf a ciki, ya jefa robar a masai. Batun leda kuma, ya ce wannan aikin mata ne.

Ranar Lahadi da safe ya lakaci wake shida, har da gyara. Bai kai ƙofar gida ba ya ji kamar maƙera sun buɗe rumfa a cikin kansa. Ya sunkuya zai ɗaure takalmi, ya ɗago, sai ga zaure biyu. Ya zaɓi na dama, ashe na hagun ne na gaskiya.

"Me ya same ka a goshi?" in ji Meram.

"Bango ne bai iya tsayuwa ba."

"Nawa likita ya ce ka shafa?"

"Likita ya faɗi nasa, na gyara masa."

Haka ya isa tasha ido jajir, ya jingina da darbejiya don benci ya zama abokin gaba. Ya sa hannu aljihu zai ciro goro, gwangwanin ya faɗo, ya gangara har gaban Abdulsamad, wani ɗan acaɓa mai baki kamar rediyo, wanda mura ta kama kwana biyu.

"Yawwa, man zafi!" in ji Abdulsamad. Ya buɗe ya shinshina. "A'a, Yaya Maikuɗi, wannan ai ba ya ƙamshi."

Da Maikuɗi ya yi shiru ya karɓi abinsa da an wuce wurin. Amma ina! Bakin ya riga shi.

"Ƙamshi na talakawa ne. Wannan daga Makka aka kawo min, wani likitan Misira ne ya haɗa shi da hannunsa. Guda uku ne kaɗai a Najeriya."

"Na mene ne?"

"Na... kai. Yana wanke ƙwaƙwalwa."

Kafin ya rufe baki Abdulsamad ya lakata ya murza a goshi da gefen kunnuwa. Ba a yi rabin awa ba Abdulsamad ya zauna a ƙasa ya rungume kai.

"Wayyo Allah, Yaya Maikuɗi, kaina zai fashe!"

Jama'a suka taru. Maikuɗi ya gyara tsayuwa, ya ce, "To me kake tsammani? Tsohon ciwo ne na shekara da shekaru yake kwasowa. Ku dubi idona, ni ma aikin yake yi. Maganin da ba ya wahalar da mutum ai ruwa ne."

Washegari, da man ya gama sakin Abdulsamad, ciwon kai ya tafi, murar ma dama ta gaji da zama, sai ga shi ya shigo tasha yana buga hon.

"Jama'a, wallahi tun da aka haife ni ban taɓa jin kaina sakayau irin na yau ba! Har lambar wayar surukina na tuna!"

Tirƙashi. Kafin azahar an yi layi. Maikuɗi ya dubi layin, bai ga mutane ba, hannaye ya gani a sama ranar Asabar. Ya buɗe gwangwani.

"Ɗan kaɗan-kaɗan. Kuma ku tuna wanda ya ba ku."

Ranar Talata tashar Chinade ta koma kamar gidan makoki. Ga maza majiya ƙarfi zube a inuwa, kowa ya ɗaure kai da ƙyalle, wannan na nishi, wancan na cewa, "Alhamdu lillahi, nawa ya kama sosai." Har gasa ake yi. Wanda kansa bai yi ciwo ba sai a ce ƙwaƙwalwarsa ce ta riga ta mutu. Fasinjoji suka yi ta tsayuwa da kaya ba mai ɗauka, in ban da Bubayero da ke ta kai da kawowa.

Maikuɗi ya tare shi. "Bubayero, zo ka shafa, ba na riƙe abokin takara a zuci."

Bubayero ya dubi gwangwanin, ya dubi masu nishi. "Kaina lafiyarsa ƙalau," ya ce, ya ja mashin.

"Kun gani? Baƙin ciki!"

Labari ya kai wa Meram ta bakin matar Abdulsamad, wadda ta zo roƙon a sam mata na goshinta. Meram ta sallame ta da ƙyar, ta jira maigidan a tsakar gida, hannu a ƙugu.

"Baban Zuliha, ka ji tsoron Allah. A goshi? Goshin da suke kai wa ƙasa suna sujada?"

"Fata ai fata ce."

"To in ya ƙare kai me za ka shafa?"

"Na warke. Tun jiya zafin ya ragu."

Gaskiya ne ya ɗan ragu, kuma shi ne ya ƙarasa shi. Ranar Laraba da la'asar magoya bayansa suka kai shi wajen mai tsire, ya ce a zuba yaji kamar ba gobe, don a san ciyaman mai zuwa namiji ne. Gobe kuwa ta zo. Da safiyar Alhamis maƙwabta suka ji wata ƙara daga gidan Maikuɗi, wani ya leƙo ta katanga yana tambaya ko akuya ce ta maƙale. Meram ta ce eh, tsohon bunsuru ne, a bar shi zai fito da kansa.

Asabar ta zo. Maikuɗi ya saka sabuwar shadda, ya shafa wake takwas don a yi ta ta ƙare, ya iso tasha yana ganin komai bibbiyu. Mashina sun fi hamsin a jere, an ɗaura musu ganye, ga masu kallo har kan katanga. Alhaji Babayo ya iso cikin babbar riga, ya zauna, ya cire hula yana fifita. Da asuba wanzami ya yi masa aski, kan nan sai ƙyalli yake.

"Maikuɗi," ya ce, "an ce kana da wani man Makka, kowa ya shafa ban da ni. Ko ni ban kai ba ne?"

Wani abu a ran Maikuɗi ya ce kada ka ba shi. Amma bakin da zai faɗi wanda ya iya tuƙi ne ke roƙo.

"Alhaji, ai ya kusa ƙarewa, ɗan kaɗan ne a gindi..."

"Kawo ɗan kaɗan ɗin."

Alhaji ya sa babban yatsa ya kwashe gwangwanin tas, ya mulke sabon askin nan tun daga goshi har ƙeya, ya mai da hula ya danne. Aka yi 'yan jawabai, aka yi addu'a mai tsawo, aka jefa kwabo, tafiya ta faɗa kan Maikuɗi.

Ya buga kik, ya zauna a hankali kamar mai zama kan ƙwai. Alhaji ya hau baya, tumbinsa ya tura Maikuɗi gaba har kan tankin mai. Hawaye ya zubo masa, ya ce iska ce. Aka tashi, hon na tashi ta ko'ina. Ramin farko na nan bakin tasha, kowa ya san shi, shi ma ya san shi, amma yau biyu ya gani, ya kauce wa na ƙarya. Tayar ta faɗa, tankin ya doke shi daidai wurin. Maikuɗi ya miƙe tsaye cak a kan matakan ƙafa.

"Zauna mana!" in ji Alhaji.

"Tuƙin tsaye ne, Alhaji! Irin na Turawa masu tsere!"

Na baya suka ɗauki tafi. Sai dai ai Likita ya riga ya ce kada a miƙe zumbur. Hanya ta fara lilo, gari ya yi duhu ta gefe-gefe. Daga baya ya ji muryar Alhaji ta yi laushi.

"Maikuɗi... me ya sa masallacin can yake bin mu?"

Ba su yi taku arba'in daga darbejiya ba. Mashin ya yi kwana da kansa, ya ratsa tsakanin masu rake, ya nufi tulin harawar da wani ya kasa, ya shige har rabi. Mutum hamsin suka taka birki a lokaci guda.

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Maikuɗi ya rarrafo da harawa a ka, hannunsa na dama ya goge yana jini. Alhaji Babayo bai tashi ba. Yana kwance, fuska ta yi fari, gumi na tsattsafowa, ido ya juye. Aka kira sunansa bai amsa ba. Bubayero ya juya mashin, minti uku sai ga shi da Likita Zakka a baya rungume da jaka.

Likita ya durƙusa, ya ɗaura abin awon jini, ya duba, ya sake dubawa.

"Jininsa ya yi ƙasa sosai. Na san yana shan maganin hawan jini. Me kuma ya sha yau?"

"Ba abin da ya sha," in ji Abdulsamad. "Man Makka kawai ya shafa."

Aka miƙo gwangwanin. Likita ya juya shi, ba takarda, ba suna, ba komai a ciki.

"Ba na canke da ran mutum. Mai gwangwanin nan ya gaya min abin da ke ciki, yanzu."

Maikuɗi ya dubi Alhaji. Wannan dattijon ne ya kawo shi tashar nan yana saurayi ba shi da kowa, shi ne ya raɗa wa Zuliha suna. Ya dubi mashina hamsin da ganyensu. Shekara goma sha ɗaya! Wallahi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, kuma tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

"Naka ne, Likita," ya ce. "Wanda ka ba ni ranar Asabar."

Likita bai tsaya ko harara ba. "Ku cire masa hula! Ruwa da sabulu, a wanke kan nan tas. Ku kwantar da shi sosai, ku ɗaga ƙafafunsa sama. Ku ba shi iska!"

Mai shayi ya kawo bokiti, aka shiga wanke kan uban ƙungiya a bainar jama'a, mutum biyu na riƙe da ƙafafunsa. A bayan taro kuwa gunaguni ya tashi.

"Likita ya ba shi? Maikuɗi ya je asibiti?"

"Kai! Ashe shi ne mai hular kwanon nan!"

"To ina Makkan?"

Can Alhaji ya yi atishawa, ya buɗe ido, ya yi salati. Aka yi hamdala. Likita ya hana shi tashi sai da ya sha ruwa ya huta, jinin ya dawo daidai, sannan aka jingina shi da darbejiya. Likita ya ɗaure wa Maikuɗi hannun dama da bandeji ya rataya masa a wuya, ya ce da taron, "Duk wanda ya shafa yau ya wanke, ya zauna, ya sha ruwa. Zai wuce."

"Likita, wai maganin mene ne?" in ji Abdulsamad.

"Ba na faɗin sirrin mara lafiya. Ga mai shi nan."

Ya matsa kusa da Maikuɗi ya ce a hankali, "Ciwon nan ba abin kunya ba ne, masu wuni a kan mashin da yawa na da shi. Ka zo Litinin mu fara daga farko." Ya ɗauki jakarsa, amma bai tafi ba. Ya samu benci ya zauna.

Alhaji Babayo ya shafa kansa mai ƙamshin sabulu. "Maikuɗi, zo nan. Tsakaninka da Allah, me na shafa a kaina?"

"Alhaji, magani ne mai kyau..."

"Ban tambaye ka kyansa ba. Na ina ne?"

"Na... ƙasa ne."

"Ƙafa?"

"Sama da ƙafa."

"Gwiwa?"

"Alhaji, a ƙara hawa. Ta baya."

Mai rake ya tsaya da wuƙa a sama. Alhaji ya rufe ido ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Sai muryar Abdulsamad ta fito, siririya. "Yaya Maikuɗi, don girman Allah. In ka lakata ka shafa a can... in bai isa ba... da wane yatsa kake komawa cikin gwangwanin?"

Kowa ya juya. Daga kan benci Likita ya ce, "Ai na ce ya riƙa naɗa leda."

Maikuɗi ya dubi ƙasa. "Ledar ce... ban samu ba."

Jama'a, ban taɓa jin an yi wa bokitin mai shayi irin wannan wawa ba. Maza arba'in a kan sabulu ɗaya! Wani na dirzar goshi da yashi, wani na kakarin amai, wani na rantsuwa shi sau ɗaya kawai ya shafa, aka ce ƙarya yake, shi ne mai zuwa safe da yamma. Abdulsamad ya zauna a ƙasa yana cewa, "Har cikin hanci na sa. Har cikin hanci!" Bubayero na gefe a kan mashin ɗinsa, ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa kawai ke motsi.

Da ƙura ta lafa, Alhaji ya ce ba inda za shi, ya ga tuƙin da zai gani. A yi zaɓe a nan.

"Masu son Bubayero."

Hannaye suka tashi, jiƙaƙƙu, wasu da kumfa. Ba a ma wahalar da kai wajen ƙirgawa ba.

"Masu son Maikuɗi."

Ba motsi. Maikuɗi ya duba dama, ya duba hagu, ya dubi waɗanda suka ci tsire da shi ranar Laraba, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Idonsa ya ciko. Amma ya ce a ransa ko ba komai ba za a ce bai sami ko ɗaya ba. Hannun dama na rataye a wuya, don haka ya ɗaga na hagu, ya miƙe manuniya sama.

Waɗanda ke kusa da shi suka watse kamar an jefo wuta. Alhaji Babayo ya kare kansa da hannu biyu.

"Sauke! Sauke shi, Maikuɗi! Wannan yatsan ya gama aikinsa a ƙungiyar nan. Magatakarda, rubuta babu ko ɗaya."